Kwanon Japan na Kofur Osmanu

Duk Zangon Kumasi babu wanda bai san Azaratu mai tukwane ba, kuma babu wanda ya taɓa shaidar ta da haƙuri. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, kullum da sauran yumɓu a ƙarƙashin farcenta, bakinta kuwa in ta buɗe shi a kan mutum sai ya gwammace da marinsa ta yi. Gidansu na can ƙarshen unguwa, ta inda ake gangarawa Akwatia Line, akwai fili a baya har bakin rafi inda take gasa tukwanenta. Mijinta Kofur Osmanu tsohon soja ne. Yaƙin Bama ya dawo mata da shi da ƙafa ɗaya da yake ja, da shiru mai yawa. Mutane kan ce da gangan Allah ya haɗa su, don da dukansu masu magana ne da tuni gidan ya kama da wuta. 'Yarsu ɗaya tana aure a Tamale. Su biyu ne a gidan, sai kaji, sai kuma kwanon nan.

Kwanon tangaran ne, daidai riƙon tafi biyu. Kofur ya ce bayan an gama yaƙi an sa shi gadin fursunonin Japan, cikinsu akwai wani mai furfura da zazzaɓi ya kusa kai shi lahira, shi kuma ya riƙa ɓoyo masa ƙwayar kwinin da taba. Ran da za a kwashe su a jirgi, mutumin ya kwance wani tsumma, ya miƙo masa kwanon da hannu biyu, ya sunkuyar da kai. Ba su jin harshen juna, amma da nuni Kofur ya gane cewa uban mutumin ne ya gina shi a kan wani faifai da ake juyawa da ƙafa, aka gasa shi a wani dogon murhu da ke hawa jikin tudu, wuta na ci kwana da kwanaki.

Azaratu ta yarda da labarin, don in ta ga aikin hannu ta san shi. Kwanon bai zagaye sosai ba. Akwai inda babban yatsan maginin ya ɗan lotsa shi, kuma daidai nan yatsan mai sha ke kwanciya. Abin da aka shafa masa mai santsi da sheƙi fari-fari ne, ya gangaro kamar koko mai kauri ya tsaya kafin ya kai gindi, ya bar jar ƙasa a fili. A gefe guda an zana ciyawa da shuɗi, kowane layi a ja guda, babu gyara. Sai abin da ya fi ɗaukar ido: kwanon ya taɓa fashewa tun can ƙasarsu, maimakon a yar, aka liƙe shi da ƙaron wani itace, aka bi kan tsagar da garin zinariya. Siririn layi ne ya taso daga baki ya rabu biyu ya gangara, in rana ta same shi sai ya yi ƙyalli. A ciki Kofur ke shan koko kowace safiya. Hannunsa da ke rawa tun Bama, in ya riƙe kwanon nan sai ya lafa.

Ita kam kishin kwanon take yi, irin kishin mai sana'a. Ta sha ƙwanƙwasa shi da farce ta ji yana amsawa siriri, ta je ta ƙwanƙwasa nata ta ji kamar ta buga kabewa. Don ta samu irin sheƙinsa ta gwada toka, ta gwada garin kwalba, ta ƙone guntayen katako na masassaƙan unguwar Anloga lodi guda, ba ta samu komai ba sai tukwane masu ƙuraje. Daga ƙarshe ta yanke hukunci cewa wutar Japanawa aljanu ne ke hura ta, ta koma ga abin da uwarta ta koya mata. Amma abu ɗaya ta sani kamar yadda ta san sunanta: kwanon nan ƙasa ce har ciki, zinariyar da ke jikinsa ko ɗan kunnen jaririya ba za ta yi ba.

Da ta bar wannan sani a cikinta da an zauna lafiya.

Ranar sunan jikar Mamuna, maƙwabciyarsu, mata suka cika gida, aka fito da jeren kwanonin kanti, langa da fanteka da tangaran masu furanni, kowace na faɗin kantin da aka sayo nata a Adum. Wata ta dubi Azaratu ta ce, wai da wasa, ita ai ta huta, in tana son kwano sai kawai ta duƙa ta ɗebo ƙasa. Aka kwashe da dariya. Azaratu ta tashi ta fita zuwa gida. Kofur na barci. Ta dawo da kwanon a ƙarƙashin mayafi, ta ajiye shi tsakiyar tabarma inda rana ke faɗowa.

"Wannan daga Japan ya zo," in ji ta. "Abin da kuke gani yana walƙiya ɗin nan zinariya ce. Wadda ke da irinsa ta fito da shi."

Mata suka miƙa wuya, wasu suka nemi taɓawa ta hana. Ta ji daɗi ƙwarai, kwana biyu tana murmushi ita kaɗai a gaban yumɓunta.

To, Kumasi ba garin da ake ambaton zinariya a wuce ba ne. Garin Tonawa ne, a ƙasarsu ake haƙo ta, kuma kowa ya san wani da ya san wani da ya tsallake iyaka da ita cikin sabulu, ko cikin huhun goro, ko a dunduniyar takalmi. Magana ta fita daga gidan Mamuna tana siririn layi. Kafin ta kai kasuwar shanu ta zama kwano rabinsa zinariya. Kafin ta kai garejin Suame ta zama zinariya tsantsa, wadda soja mai wayo ya sa aka shafe da laka don ya wuce da ita ta gaban 'yan kwastan. Hujja ma a shirye take: ai ga shi nan inda lakar ta tsage ana hango ta ciki. A hankalinsu ba wanda zai ɓata zinariya a kan tsagar fasasshen kwano don ado, tunda su in kwano ya fashe kaji ake ba wa ruwa a ciki.

Kofur ya ji labarin a bakin wanzami. Ya dawo gida ya zauna, ya ce wa matarsa baki shi ke yanka wuya. Ta taso masa, ta ce ita ba ƙarya ta yi ba, kuma in za a ji tsoron kowane ɗan iska a Zango sai a daina fita ƙofa. Ta san ta yi laifi, shi ya sa ta ƙara ɗaga murya.

A ɓoye dai ta yi ƙoƙarin kwashe abin da ta zubar. Ta bi gida-gida da sunan tallar tukwane tana cewa ƙasa ce, wasa take yi ranar nan. Kowa ya gyaɗa mata kai, in ta fita a ce ai dama haka za ta ce. Wani dillali ya zo da sallama da goro ya taya kwanon, Kofur ya ce kyauta ce, ba a kai kyauta kasuwa. Dillalin ya fita ya ba da labari cewa an ƙi tayi mai tsoka, wuta ta ƙara samun itace. Azaratu ta roƙi mijinta ya ɗauki kwanon ya kai wa maƙerin zinariya a gaban shaidu, a kankare a gani, a huta. Ya ce ba mai sa wa kwanon nan wuƙa yana raye. Kofur ba ya yawan cewa a'a, amma in ya ce, ko ita ba ta iya ɗaga shi.

Shekarar kuwa ba ta wasa ba ce. Saura kaɗan Turawa su tattara nasu ya nasu, jam'iyyu biyu sun raba garin, kowace da ƙattinta. Ana jefa nakiya gidaje, ana tare mota a farfasa, ana sassara mutum da rana tsaka don an gan shi da tutar da ba ta yi wa wasu ba. 'Yan sanda in an kira su sai jini ya bushe suke isowa. Irin wannan lokaci shi ne kakar su Alidu, ɗan unguwar, wanda ya fara da ɗaukar kaya a tasha ya ƙare da ɗaukar adda. Ya ci a jam'iyyar nan ya ci a waccan, in ka tambaye shi a kan me ake faɗan ba zai iya gaya maka ba. Azaratu ta san shi tun yana yawo ba wando.

Wata Juma'a ta haɗa wutar tukwane tun hantsi, don tana son kai kaya kasuwa washegari. Maza duk sun tafi masallaci, sai Kofur da ƙafarsa ta kumbura ya zauna gida. Wuta ta ci ta faɗa, farar toka ta rufe tulin garwashin, tukwane na ciki sun nuna. Aikin da ya rage shi ne wanda ba a yi da wasa. Sai a sa doguwar gora mai ƙugiyar ƙarfe a jawo tukunya ɗaya-ɗaya da zafinta, a yayyafa mata ruwan makuba da tsintsiya, ta yi cuu, ta koma baƙa wuluk mai sheƙi. Azaratu ta jawo babbar randa ta mirgina ta gefe, kusa da tukwanen makon jiya da ke jiran mai saye, ta yayyafa mata makuba, ta kife kasko a bakinta don kada iska ta shiga ta tsaga ta. Tana juyawa ta jawo ta biyu sai ta ji faɗuwar ƙyauren gida, da wani sauti da ba ta taɓa jin mijinta ya yi ba. Ta yar da gorar ta shiga da gudu.

Su uku ne. Alidu da adda. Wani Batone siriri mai suna Opoku, wanda ya taɓa zama yaron maƙerin zinariya kafin a kore shi. Sai wani ƙato baƙo da ba ta sani ba, jini na tsiyaya daga hancinsa har ƙirji. Aikin Kofur ne wannan, tsoho bai manta Bama ba, suna shigowa sandarsa ta fara gaisawa da fuskar ƙaton. Amma yanzu sandar ta karye biyu, Kofur na ƙasa, ƙaton ya take masa ƙafar nan mai ciwo da dukan nauyinsa, Alidu na lafta masa bayan adda a haƙarƙari kamar mai bugun dawa.

Azaratu ta faɗa wa Alidu ta baya ta kafa masa haƙora a kafaɗa. Ya juyo ya maka mata gwiwar hannu a baki, ta ji haƙori ya girgiɗe, ta faɗa kan turmi. Kafin ta tashi ya ɗora tsinin adda a maƙogwaron mijinta.

"Mma Azara, ba faɗa muka zo ba," in ji shi yana haki. "Kawo kwanon sika mu tafi. Kofur shi ya jawo ma kanshi."

Sika, haka Tonawa ke kiran zinariya. Kofur ya ce kada ta kawo, da ƙyar maganar ta fito, tare da jini. Ita ko kallonsa ba ta yi ba. Kwano dubu ba su kai mata numfashinsa ɗaya ba, kuma a lokacin ta san haka fiye da duk shekarun da ta yi tana masa masifa. Ta shiga ɗaki ta ɗauko shi daga akwatin soja, ta miƙa wa Opoku da hannunta.

Opoku ya auna shi a tafi, ya ɗan yamutsa fuska don nauyin bai kai yadda yake so ba, amma kwaɗayi ya riga ya rufe masa ido. Ya juya shi cikin rana, layin ya yi ƙyalli, ya lasa da harshe, ya gaya wa Alidu sika ne na gaskiya. Ya ɗora kwanon a kan dutsen niƙa ya ɗauki ɗan dutsen. Azaratu ta rantse masa da Allah cewa ƙasa ce har ciki, ita maginiya ce, ta sani.

"Maame, ka yi shiru," in ji shi da Hausarsa ta kasuwa. Ya buga.

Kofur ya rufe ido. Kwanon ya tarwatse, wani ta tsohuwar tsaga, wani ta sabuwa. Opoku ya durƙusa yana tsintar gutsattsarin, yana duba kowane ta gefe. Ja ne, gasasshiyar ƙasa. Ya daka wani ya zama gari, ya tona garin da yatsa. Ya zaro wuƙa ya kankare layin, abin da ya taru a kan farcensa bai kai a gani ba, da ya yi numfashi ma ya tashi.

Da mai hankali ne da ya kama hanya. Amma wanda ya riga ya raba dukiya a zuciyarsa, ya sayi lori da ita ya yi aure, ba ya yarda a ce masa babu ita. Opoku ya miƙe a hankali ya ce yanzu ya gane, kwano biyu ne. Wannan na nuna wa mutane ne, shi ya sa aka ɗan shafa masa sika a baya, na gaskiyar yana ɓoye. Soja da ya tsallako teku da kaya ba wawa ba ne. Alidu ya yarda nan take, don hakan ya fi masa daɗi.

Suka ja Kofur zuwa dirkar rumfa suka ɗaure shi da igiyar guga, hannu a baya. Ƙaton mai fasasshen hanci shi ya karɓi aikin, yana da haushin da zai huce. Ya naushe shi a ciki, ya naushe shi a fuska, ya ɗauki guntun sandar ya riƙa bugun kumburarriyar ƙafar har fata ta fashe. Alidu na tsaye a kai yana tambaya, ina yake, ina yake. Opoku ya shiga ɗaki ya farke katifa, ya juye akwati, ya fasa tulun ruwan sha. Kofur bai yi ihu ba, abin da ya fi ƙona ƙaton ke nan. Sai da Alidu ya kama masa kunne ya yanke rabi sannan wani nishi ya fito daga can cikin ƙirjinsa.

Azaratu ta yi kururuwa ta kira Mamuna, ta kira matan layin ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ko tari ba a yi ba. Suna nan, tana jin motsinsu bayan katanga, su ɗin nan da suka miƙa wuya ranar suna. Ta kama ƙafar Alidu ta tuna masa uwarsa, ta tuna masa ranar da ta cire masa kwalba a tafin ƙafa yana kuka. Ta ce a kawo Alƙur'ani ta dafa. Gaskiya ta faɗa, ta maimaita, ta sake faɗa, kowane faɗi kuma sai an ƙara wa mijinta duka. Nan ta gane in ta ci gaba da gaskiya a gabanta za su kashe shi. Ta share jinin bakinta da gefen zane ta miƙe.

"Ku bar shi. Zan nuna muku."

Aka tsaya. Ta ce yana bayan gida cikin tukwanenta, ko shi Kofur bai san wurin ba, ita ta canja masa maɓoya tun da magana ta yi yawa. Kofur ya ɗago kai ya dube ta da ido ɗayan da ya rage a buɗe. Shekaru ya yi yana kallon ta tana aikin wuta, ya san abin da ke bayan gida a irin wannan lokaci.

"Azara," in ji shi, "bari."

Alidu ya yi dariya, ya ɗauka rowa ce ta buɗe bakin tsoho. Ya miƙa wa ƙaton addar ya ce ya tsaya a kan Kofur, in ya ji wani abu da bai gane ba ya san abin yi. Azaratu ta ji wannan magana da kunnenta. Ta ji ta, amma hankalinta ya riga ya tafi kan randa, maganar ta shiga ta nan ta fita ta can.

Ta shige gaba, Alidu da Opoku na biye. Rana na tsaka, fili na huci, tulin toka fari fat ya yi kwance ba ko hayaƙi. Wanda bai san aikin ba sai ya ga ja yake tsoron wuta, alhali tukunya kan yi baƙi tana da zafin da zai gasa nama. Randar na nan cikin tukwanen makon jiya, baƙa, mai sheƙi, da kaskonta a ka, ba abin da ya bambanta ta da su.

"Waccan," in ji ta. "A gindi yake, ƙarƙashin yashi. Sai an juye ta."

Suka yi rige-rige, Alidu ya ture Opoku. Ya duƙa ya rungume randar da hannu biyu da ƙirji yadda ya saba ɗaukar buhu a tasha, ya yunƙura. Sai da ya ɗaga ta sannan jikinsa ya gaya masa. Ihun da ya yi an ji shi har Akwatia Line. Ya nemi ya saki, randa ta ƙi sakinsa, fatar hannu da ta ƙirji da ta kumatu ta manne a jikinta, ƙauri ya tashi irin na babbaka. Azaratu ta ɗauki tasar makuba ta sheƙa masa shi da randar gaba ɗaya. Tururi ya rufe masa fuska, randar ta fashe a hannunsa ta zubo masa a cinya da ƙafa, ya faɗi yana birgima.

Opoku ya zaro wuƙa ya yo kanta. Gora ta yi mata nisa. Ta zura hannu biyu cikin toka, ba tsumma ba komai, ta ciro tukunyar miya ta maka masa a fuska. Ya ja da baya yana kare ido, ta bi shi da ka ta tunkuɗe shi, ya tafi da baya ya zauna cikin tulin. Toka ta buɗe, jan garwashi ya bayyana, tukwane suka farfashe a ƙarƙashinsa, wandonsa ya kama. Ya taso yana ci da wuta ya nufi rafi. Ta samu gorar ta bi shi tana kafta masa ƙugiya a gadon baya har ya faɗa gangare. Ta dawo kan Alidu. Yana kiran ta Mma, Mma, da bakin da rabinsa ya saɓule. Ta buga masa, ta ƙara, ta ɗaga gorar da niyyar gamawa da shi.

Abin da ya tsayar da hannunta shiru ne. Cikin gida babu motsi, babu nishi, babu muryar ƙato. Nan maganar Alidu ta dawo mata dukanta. Su uku suka zo, ita kuwa biyu ta yi wa shiri.

Ta ruga. Ƙofa a buɗe, ƙaton ya tsere, addar na yashe a ƙasa. Kofur na nan ɗaure a jikin dirka, kansa ya karkata, an sare shi tsakanin wuya da kafaɗa, jini na fita yana tsayawa yana sake fita. Ta zube gabansa ta danne wurin da tafukanta biyu. Ba ta ji zafin ƙunarsu ba, ba ta ma san sun ƙone ba.

Sai ta hau shi da faɗa, don shi ta iya. Ta ce ya buɗe ido ya daina wannan sakarci, sun tafi, ta kore su. Ta ce mutumin da Japanawa da bindigoginsu suka kasa, ba ɗan iskan tasha ne zai iya ba. Ta ce in ya kuskura ya tafi ya bar ta da mutanen Zango ba za ta yafe masa ba. Tsoro ya cika ta. Tana son mutumin nan, ba ta taɓa gaya masa ba, yanzu ma da take so ta faɗa bakinta ya ƙi juyawa.

Ya buɗe ido. Ya dubi hannuwanta a wuyansa ya ga yadda suka yi.

"Kin sa hannu a wuta," in ji shi. "Da me za ki yi gini?"

Ta ce ba ruwansa. Ta ce ya yi shahada, ya yi a hankali, tana bin sa.

Sai a lokacin matan layi suka fara shigowa, Mamuna a gaba da taɓarya, ihu bayan hari. Suka tsaya bakin ƙofa suna salati. Wata ta yi ta maza ta zagaya ta kwance igiyar. Azaratu ba ta ɗago ba, ta ci gaba da dannawa, tana gaya wa Kofur an aika neman mota, yanzu za a kai shi asibiti, ya ɗan ƙara haƙuri. Jinin ya daina bugun tafinta tuntuni, ita ta ɗauka ta tsayar da shi ne.

Maza suka dawo daga masallaci suka cika tsakar gida. Alfa Sanni, limamin layin, ya tsuguna ya sa yatsa a hancin Kofur, ya jima, sannan ya shafa masa ido ya rufe. Ya ce mata a hankali, Azaratu, sai haƙuri, sake shi a yi masa sutura. Ta dubi Alfa, ta dubi mijinta, ta ce to. Ta ja hannu, hannu ya ƙi fitowa. Ƙonannen tafinta da jininsa sun bushe tare, sai da Mamuna ta kawo ruwan ɗumi a buta aka yi ta zubawa kaɗan-kaɗan kafin aka raba ta da shi.